Gida ya shekara a kasuwa ba mai tayawa: kurakuran da masu gida suka fi yi a Kano

Idan gida ya daɗe a kasuwa abu na farko da za ka ji mai shi yana cewa shi ne ai babu kuɗi a gari, wani ma har ya fara zargin hannu aka sa masa. Gaskiya ne kuɗi sun yi wuya tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, amma a cikin wannan halin ake cinikin gidaje kullum daga Rijiyar Zaki har Hotoro da Mariri. In na layinku ya tafi naka yana nan to akwai abin da mai saye ya gani ya tsorata, kuma ba zai faɗa maka ba, "bari in yi shawara Alhaji" kawai zai ce, daga nan ka daina samunsa a waya.

Mu fara da kuɗin da aka sa wa gidan don nan ne aka fi faɗawa. Mai gida zai zauna ya yi lissafin buhun siminti nawa yake yau, rodi nawa, kwano nawa, ya ce in zan gina irinsa yanzu sai na kashe kaza, sai ya ɗora wannan kuɗin a kan gidan da ya gina shekara ashirin da suka wuce. Mai saye ba ruwansa da wannan lissafin, shi gidajen unguwar yake kwatantawa da naka. Kuma ka lura, kuɗin da ake cewa an sa wa gidan wane daban, kuɗin da aka sallama shi daban, na biyun shi ne farashin gaskiya kuma shi za ka bincika wajen mai unguwa da dillalan da suka yi cinikin. Sannan ka yi wa kanka adalci, gidan da ke lungun da mota ba ta shiga ba zai taɓa yin kuɗin na bakin kwalta ba ko da ɗakunansu ɗaya.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake korar tayin farko. Masu saye na gaske a makonnin farko suke zuwa, mutum ya taya, mai gida ya ɓata rai ya ce albarka ya juya baya kamar an zage shi. Ka ce albarka ɗin amma ka biyo da naka, "Malam ƙara kaza mu daidaita", ka bar ƙofa a buɗe. Wanda ya riƙe gida shekara guda saboda miliyan biyu, da yadda kaya ke tashi yanzu ko ya samu miliyan biyun daga baya ba za ta saya masa abin da kuɗin farko za su saya ba.

Sai maganar dillalai. Mutane suna ganin in suka ba dillali goma gidan zai fi saurin tafiya, alhali kowanne zai ɗora nasa a kai, ga 'yan kan-ta-waye su ma su ɗora, sai mai saye ɗaya ya ji gidan nan miliyan 35 a bakin wannan, 40 a bakin wancan, wani ya ce masa 42, to wa zai yarda da shi? Kafin ka ankara gidan ya yi suna a majalisar dillalai, da an ambace shi sai a ce ai wannan ya daɗe, akwai magana a kansa. Ka zaɓi dillali ɗaya ko biyu da aka sani a unguwar, farashi ɗaya, a yanke la'ada tun farko a gaban shaidu, ka ba shi wa'adi, in bai kawo kowa ba ka karɓe ka ba wani. Kuma ka yarda a haɗa ka da mai saye ido da ido.

Takardu kuwa su ne suka fi kashe ciniki bayan an gama daidaitawa, kuma tun rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 mutane sun ƙara buɗe ido, ba mai zuba miliyoyinsa a kan "wallahi gidan nan ba shi da matsala". Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, saboda haka gidan da ke da C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, sai da amincewar gwamna ake mayar da shi sunan wani, kuma mai saye mai wayo zai tura lauya KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen jihar Kano, a duba masa fayil. Kai ka riga shi zuwa. Ka duba ko ana bin ka kuɗin ƙasa ka biya, in ka taɓa ajiye takardar a banki ka karɓi bashi ka warware wannan tukuna, in kana da izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka haɗa shi a ciki. In kuma gidan awon igiya ne, wato filin ba gwamnati ce ta yanka shi ba, kar ka ɓoye, ka faɗa tun farko, ka fito da takardar cinikin da ka saya mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu, har ta wanda ya sayar maka in tana nan, mutum ya ga yadda gidan ya biyo hannu zuwa hannu.

Gidan gado shi ne mai wuyar sha'ani. Babban yaya ya sa gida a kasuwa, an taya an sallama har an ba da kafin alƙalami, sai ga ƙanwa daga gidan aurenta ta ce ita ba wanda ya tuntuɓe ta, ko ɗan wani ɗakin ya kai ƙara, ciniki ya watse, kuma labarin nan ba ya ɓuya, duk wanda ya zo bayan nan sai an tsegunta masa. Ku zauna gaba ɗayanku maza da mata kafin a kira dillali, kowa ya sa hannu, a wakilta mutum ɗaya a rubuce, in akwai marayu ƙanana a cikin magada a bi ta kotun shari'ar Musulunci a samu takarda. Hakkin mace ko na maraya ba abin da za a tsallake ba ne don ana sauri.

Yanzu shi kansa gidan. Mutum ya shigo soro warin sokawe ya tare shi, ya ɗaga kai a falo ya ga silin ya yi taswirar ruwa ya kumbura ta kusurwa, tsakar gida ga tsohon firji ga tayoyi ga kwatar da ta toshe ta yi kore, to tun a nan ya fara rage kuɗi a ransa, kuma abin da zai rage ya ninka abin da gyaran zai ci. A kwashe sokawe, a kira kafinta ya toshe yoyo ya canja silin da ya lalace, a yashe kwata, a kwashe tarkace, a shafa fenti. Iyakarta ke nan, kar ka je ka zuba POP da tayil mai tsada kana jiran a biya ka, mai saye yana iya zuwa ya fasa su ya yi nasa. Bashin kamfanin wuta na KEDCO ma ka biya ka ajiye rasit, ba mai son ya tare a zo a yanke masa wuta kan bil ɗin da bai sha ba. In akwai 'yan haya ka sanar da su da wuri cikin mutunci ku yi maganar lokacin tashi, ɗan hayan da aka ɓoye wa magana shi ne zai fara gaya wa baƙo cewa da damina ruwa har ɗaki yake shiga.

Hoto kuma a ɗauka da hantsi an buɗe tagogi, har da layin da gaban gidan, a rubuta unguwa da girman fili da irin takarda da farashi kafin a sa a Facebook ko WhatsApp, "sai ka zo ka gani" ba ya kawo kowa.

Kuma kar ka tsallake maƙwabta, musamman a cikin gari irin su Gwale da Dala inda gidaje ke manne da juna. Mutumin da katangarku ɗaya yana da ɗan da zai yi wa aure ko yana son ya faɗaɗa nasa, ya san gidan ya san asalinsa ba sai an yi masa dogon bayani ba, sau da yawa ma shi zai fi kowa tayi mai kyau. Ka same shi da kanka bayan sallar magariba ka gaya masa kafin ya ji a bakin dillali.