Lambar shaida a manhajar kasuwanci: inda mataimakin AI ke kai mu ya baro

Kowane rasit da kowane kwastoma a cikin manhaja yana buƙatar lambar da babu mai irinta. Idan ka sa mataimakin AI mai rubuta manhaja, kamar Copilot ko Cursor, ya tsara maka rumbun bayanai ba ka ce komai a kan wannan lamba ba, shi zai zaɓa maka. Zaɓinsa kuwa lafiya lau yake aiki a kwamfutarka, tunda kai kaɗai ke shiga. Sai an buɗe shago matsala ke fitowa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a duba lamba mafi girma a ƙara mata ɗaya. Na taɓa shafe kwana biyu ina bin diddigin wannan a wani shagon kayan gini: masu karɓar kuɗi biyu sun danna a daƙiƙa guda, kowa ya ga 4520, kowa ya rubuta 4521. Rasit ɗin mai siminti ya hau kan na mai fenti, aka yi ta zargin yaron shago da bai ci ba bai sha ba. Abin ya tsaya mini a rai. Gyaran ba wuya: rumbun bayanai ne zai riƙa ba da lamba da kansa, a kuma ɗora sharaɗin UNIQUE domin ya ƙi maimaici.

Sai mayar da lambar waya ginshiƙin shaida. Layi yakan ɓata, kamfani yakan sake sayar da wanda aka daɗe ba a taɓa ba, miji da mata kan yi amfani da waya ɗaya. In kuma aka ajiye ta a matsayin adadi, sifilin 0803 ya tafi. NIN da BVN ma sirrin mutum ne, bai dace su riƙa yawo a kowane tebur na rumbun bayanai ba. Ka ajiye su a matsayin rubutu, ka ba mutum tasa lambar ta cikin gida.

Girma ma abin lura ne. INT, nau'in adadin da aka saba ajiye lamba da shi a rumbun bayanai, yana ƙarewa a 2,147,483,647. Ka koma BIGINT mai ɗaukar adadi mafi girma, amma ka sani JavaScript, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, ba ya riƙe adadin da ya haura 9,007,199,254,740,991 daidai. Shiru zai canza lambobin ƙarshe. Dalilin da ya sa Twitter ya ƙara id_str, wato lambar shaida a matsayin rubutu, ke nan a 2010. Ka aika lambar a matsayin rubutu.

Idan adireshin rasit ya ƙare da 1001, wani zai gwada 1002 ya ga rasit ɗin da ba nasa ba. Mataimakin zai ce ka sa UUID, wato doguwar lamba mai haɗe da haruffa da kowace na'ura ke iya ƙirƙira da kanta, shawara ce mai kyau, musamman ga reshen da ke aiki lokacin da sabis ya ɗauke. Sai dai UUID ba izini ba ne, dole manhaja ta tabbatar rasit ɗin na mai tambaya ne. UUIDv7, sabon nau'in UUID da ya fito a 2024, yana jeruwa bisa lokaci, don haka ya fi tsohon nau'in v4 sauƙi ga rumbun bayanai, amma yana tona lokacin da aka ƙirƙire shi.

Kada ka karɓi UUID da mataimakin ya rubuto da kansa cikin hira, sau da yawa misalin da ya haddace ne yake maimaitawa. Ka rubuta dokar lambobinka a fayil ɗin umarnin aikin tun ranar farko, domin in ka buɗe sabuwar hira gobe, ba lallai ya tuna abin da kuka yanke jiya ba.