Yadda ake zama masanin tattalin arziki mai binciken ci gaba da ba gwamnati shawara

Da yawa cikin masu karanta ikonomiks a jami'a banki kawai suke hange ko koyarwa, shi ke nan, kamar hanyoyin biyu ne kaɗai. Alhali akwai ta uku da ba a cika yi wa ɗalibai bayaninta ba, wato ka zama mai binciken abin da ke fitar da mutane daga talauci da abin da kuɗi kawai yake ci, sannan ka ɗauki abin da ka gano ka kai wa masu riƙe da kasafin kuɗi su yi aiki da shi. Aikin ɓangare biyu ne, gano gaskiya daga alƙaluma da kuma iya shigar da ita kunnen mai mulki, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makaranta za ta koya maka na farkon, na biyun kuwa sai ka tashi ka nema da kanka.

Fara da lissafi tun kana digirin farko, kada ka guje shi don Allah. Kalkulas, aljabara, ƙididdiga, sai ekonometiriks, wato amfani da ƙididdiga wajen auna al'amuran tattalin arziki, wanda shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Duk kwas ɗin lissafi da aka ba ka zaɓi ka ɗauka ko da makinka zai ɗan yi ƙasa, domin masu ɗaukar ɗaliban mastas da PhD a wannan fanni makin lissafi suke fara dubawa kafin su kalli sauran. Ka haɗa da koyon manhajar aiki da data. Stata ita ce aka fi amfani da ita a binciken ci gaba amma ta kuɗi ce, R da Python kuwa kyauta ne, ka ɗauki ɗaya ka iya ta sosai ya fi ka taɓa ukun sama-sama.

Hanyar koyo da na fi yarda da ita ita ce ka ɗauko binciken da wani ya riga ya wallafa ka sake yin lissafinsa daga tushe, ka ga ko za ka samu abin da ya samu. Data tana nan birjik kyauta a intanet, Bankin Duniya na da shirin binciken rayuwar magidanta mai suna LSMS tun 1980, akwai kuma DHS na lafiya da yawan jama'a da aka fara a 1984, rajista kawai za ka yi ka faɗi abin da za ka yi da ita. Kada ka raina wannan atisaye. A 2010 wasu manyan farfesoshi biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da binciken da ya nuna cewa idan bashin ƙasa ya wuce kashi 90 cikin 100 na GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasar ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta na faɗuwa sosai, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon a Jami'ar Massachusetts Amherst, aikin aji ne fa aka ba shi na maimaita binciken, ya yi ta yi lissafin ya ƙi fita, da ya samu ainihin fayil ɗinsu na Excel sai ga shi an tsallake layukan ƙasashe biyar wajen fitar da matsakaici, ban da wasu matsalolin na yadda aka auna datar. Don haka ka saba tun yanzu da rubuta kowane mataki na lissafinka yadda wani zai iya bi ya duba.

Sai abin da nake ganin ya fi komai raba gwani da ɗan koyo, wato sanin inda alƙaluman suka fito. Idan ka samu damar shiga aikin tattara bayanai gida-gida, ko a matsayin mai yin tambayoyi ko mai duba su, ka shiga ko da kuɗin ba yawa. Ka zauna gaban uwar gida da tablet a hannu kana tambayarta abin da iyalinta suka ci cikin kwana bakwai da suka wuce, ta ce maka kwano biyu na wannan, tsibi uku na wancan, wani an saya, wani daga gona ya zo, wani maƙwabciya ce ta aiko, yaro na kuka a gefe, an yi awa biyu ana tambaya ta gaji ta fara cewa a'a ga komai don a gama. Kai ne za ka mayar da kwanon nan kilo, ka sa wa abin da ba a saya ba farashi, kuma daga irin wannan amsar ake haɗa adadin talaucin ƙasa da za a karanta a labarai. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai ƙara ɗaukar lamba kamar saukakkiya ba. A Indiya, binciken ƙasa na 1999 zuwa 2000 ya canza tsarin tambayar abinci, aka haɗa ta kwana 7 da ta kwana 30 a takarda ɗaya, sai da masana suka shafe shekaru suna gardamar ko talaucin ne ya ragu da gaske ko tambayar ce kawai ta canza. Haka manyan alƙaluma ma, Ghana ta sabunta ma'aunin GDP ɗinta a 2010 ya tashi da kusan kashi 60 cikin 100 a rana ɗaya, Najeriya ta yi nata a 2014 ya kusa ninkawa, ba tare da ko sisi ya ƙaru a aljihun kowa ba.

Daga nan ka koyi amsa babbar tambayar fannin: shin shirin ne ya jawo canjin, ko dama can zai faru? Idan aka raba bashi ga 'yan kasuwa kuma waɗanda suka karɓa suka fi samun riba, ƙila dama masu ƙwazon ne suka je suka nema. Hanya mafi tsafta ta warware wannan ita ce ƙuri'a, a raba mutane ko ƙauyuka gida biyu ba tare da zaɓen kowa ba, a ba ɗaya a jinkirta wa ɗaya, a kwatanta. Michael Kremer da Edward Miguel sun yi haka da maganin tsutsar ciki a makarantun firamare 75 a yankin Busia na Kenya, suka ga fashin zuwa makaranta ya ragu da kusan kwata. Irin wannan aikin ne ya sa Kremer da Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka ci kyautar Nobel a 2019. Amma fa kada ka zama wanda bai san komai ba sai ƙuri'a, ba za ka iya jefa ƙuri'a kan darajar kuɗin ƙasa ko cire tallafin mai ba, kuma Angus Deaton, wanda shi ma ya ci Nobel a 2015, ya daɗe yana jan kunne cewa abin da ya yi aiki a wani wuri ba lallai ya yi a wani ba. Ka koyi sauran hanyoyin, ka karanta tarihi da siyasar ƙasar da kake bincike a kai.

Maganar aikin farko, nemi gurbin mataimakin mai bincike. Cibiyoyin binciken ci gaba irin su J-PAL da aka kafa a jami'ar MIT ta Amurka a 2003, da IPA, da IGC da ke ƙarƙashin jami'o'in LSE da Oxford na Ingila, duk suna ɗaukar matasa su yi shekara ɗaya ko biyu suna kula da aikin fili da tsaftace data. Aiki ne mai gajiyarwa, amma daga nan wasiƙar shaida mai nauyi ke fitowa, wadda farfesan da ya ga aikinka da idonsa zai rubuta, ita ce kuma ke buɗe ƙofar makarantun gaba. A Afirka akwai cibiyar binciken tattalin arziki ta AERC da ke Nairobi tun 1988, tana tallafa wa karatun mastas da PhD na haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i tana kuma ba matasa kuɗin bincike.

PhD dole ne? Idan burinka ka jagoranci bincike ko ka koyar a jami'a ko ka shiga shirin matasan masana na IMF, asusun ba da lamuni na duniya, to kusan dole ne, kuma ka shirya wa shekara biyar zuwa shida, manyan jami'o'in Amurka galibi su ke biyan kuɗin makaranta su ba ɗalibi alawus, sai dai gasar shiga ba wasa, ga jarrabawar GRE ta neman shiga. Idan kuwa ba da shawara ne ya fi jan ka, mastas mai kyau da gogewa sun isa ka yi nisa. Akwai shirin cibiyar bincike ta ODI ta Ingila da tun 1963 yake tura matasa masu mastas su yi shekara biyu cikin ma'aikatun gwamnatocin ƙasashe masu tasowa a matsayin ma'aikata, akwai kuma shirin matasan ƙwararru na Bankin Duniya. Ni dai a ganina an raina aiki a ma'aikatar kuɗi ko hukumar ƙididdiga ko babban bankin ƙasarka fiye da kima, alhali a nan ne za ka ga yadda ake haɗa bajet da gaske, wa ke sa hannu, a wane wata ake rufe ƙofa, abin da ba wani kwas da zai koya maka.

Yanzu ɓangaren shawara. Minista ba zai karanta rahotonka mai shafi sittin ba, ba don raini ba, fayil ne tuli a gabansa kuma ƙila minti goma gare shi kafin ya shiga mitin. Koyi rubuta shafi biyu. Sakin layi na farko ya faɗi abin da kake so a yanke, kai tsaye, ranka ya daɗe muna ba da shawarar a yi kaza kafin wata kaza. Na biyu nawa zai ci kuma daga wane layin kasafi kuɗin za su fito. Na uku wa zai amfana, wa zai yi asara, don wanda zai yi asarar shi ne zai fara zuwa ofishin da ƙorafi kuma gara minista ya ji daga bakinka tukuna. Sai ka faɗi abin da ba ka da tabbas a kai da harshen mutane, misali muna da yaƙinin zai ƙara zuwa makaranta amma babu hujjar zai ƙara cin jarrabawa. Tebur ɗaya ya isa, sauran lissafin ka ajiye a rataye ga mai so. Kafin ka miƙa, ba wani da bai karanta ikonomiks ba ya karanta ya faɗa maka abin da ya fahimta, kuma ka zauna da daraktocin da za su aiwatar, su suka san inda shirin zai maƙale.

Ka yi nazarin Progresa, shirin rage talauci na Meziko, da kyau. Santiago Levy, masanin tattalin arziki ne da ke mataimakin ministan kuɗi, ya tsara shirin a 1997, ana ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti. Tunda ba a iya fara shi ko'ina lokaci ɗaya, sai aka yi amfani da ƙuri'a a ƙauyuka 506 wajen tantance waɗanda za su fara da waɗanda za su jira, aka kira cibiyar bincike ta IFPRI daga waje ta auna sakamakon. Da mulki ya koma hannun wata jam'iyya a 2000 hujjar ta riga ta yi ƙarfi, sai aka ci gaba da shirin aka canza masa suna zuwa Oportunidades, ƙasashe da dama kuma suka kwaikwaya.

Ka kuma shirya wa ranar da za a ƙi jin maganarka, domin za ta zo. Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia da ya ci Nobel a 1979, ya je Ghana a 1957 a matsayin mai ba Kwame Nkrumah shawara, suka saɓa kan irin ayyukan da ya kamata a zuba wa kuɗi, bai cika shekara biyu ba ya bar aikin. Mai mulki na da lissafin da ya wuce naka, kuma hukuncin nasa ne, wannan ka yarda da shi. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a ce ka gyara lamba don ta dace da abin da ake son ji, ko gwamnati ce ta nema ko mai ba da tallafin da ya biya kuɗin binciken. Idan an yanke akasin shawararka, rubuta ra'ayinka a takarda cikin ladabi da kwanan wata ka sa a fayil, sannan ka roƙi abu ɗaya, a tattara alƙaluman farko kafin a fara shirin, in da hali a fara shi kashi-kashi, yadda idan lokacin bajet na gaba ya zo za a samu abin da za a kwatanta a ga ko ya yi aiki.