Kurakuran da sababbin 'yan sa kai suka fi yi a bikin jiragen ƙasa masu tururi

A watan Agustan 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami jirage masu tururi daga manyan layukanta, amma ba su bi tarihi sun ɓace ba. Tun 1951 wasu masu sha'awa suka karɓi ragamar ɗan layin Talyllyn da ke Wales suna gudanar da shi ba albashi, layin Bluebell ya biyo baya a 1960, yau kuma irin waɗannan layuka sun haura 100. Babbar ranarsu ita ce ta biki, lokacin da ake aro kawunan jirage daga wasu layuka, a ɗauko su bisa manyan motoci, a cika jadawali maƙil. Layin Severn Valley mai tsawon mil 16, daga Kidderminster zuwa Bridgnorth, yakan yi nasa babban bikin a watan Satumba. Mafi yawan hannayen da ke ɗauke da wannan hidima na 'yan sa kai ne, kuma ɗan uwanmu da ke zaune can, ɗalibi ko ma'aikaci, ƙofa a buɗe take gare shi. Sai dai akwai inda sababbin shiga suka saba yin tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne mutum ya fara zuwa ranar bikin kanta. A ranar babu mai sararin koya maka komai. Kafin a bar ka ka taka gefen dogo sai ka zama mamba, an yi maka bitar kiyaye haɗari, wasu ayyukan ma sai likita ya duba idonka da jinka. Layukan na tarihi ne, amma hukumar ORR da ke sa ido kan manyan jiragen ƙasar ita ce dai ke sa ido a kansu. Ka yi rajista watanni kafin biki, ka riƙa zuwa a ranakun da tasha take shiru, ka san mutane su san ka.

Sai kuma kwaɗayin hawa kan jirgi. Kowa direba yake so ya zama, ko aƙalla a gan shi riƙe da shebur a bakin wuta. Hanyar tana nan yadda take tun zamanin da: ka fara a matsayin mai goge jirgi da tsumma da mai, ka kwashe toka a rami, bayan shekaru da jarrabawa ka zama mai zuba kwal, bayan wasu shekarun ka zama direba. A ganina wannan tsari ba wulaƙanci ba ne. Mai gogewa shi ne yake fara ganin ƙusar da ta kwance da bututun da ke yoyo, kuma da haka yake sanin jirgin gaɓa-gaɓa. Ranar biki ma wataƙila a filin ajiye motoci za a tura ka, ko duba tikiti, ko share tarago, ko dafa wa ma'aikata shayi. Ka karɓa da hannu biyu. Idan motoci suka toshe ƙofar tasha, ko makewayi ya ƙazantu, baƙo ba zai tuna kyawun jirgin ba.

Wanda aka ba shi damar taya hura wuta kuwa, gaggawa ce ke kai shi ƙasa. Tukunyar jirgi ƙarfe ce, gidan wutarta kuma a yawancin jiragen Birtaniya na tagulla ne, kuma zafi ba ya buɗa su daidai da juna. Ka rura wuta da ƙarfi a tukunya mai sanyi, sai bututu su fara yoyo, sandunan da ke riƙe da bangon gidan wuta su tsage, gyaran kuma kuɗi ne mai yawa da watanni. Shi ya sa ake kunna 'yar ƙaramar wuta tun jajibiri domin ƙarfe ya ɗumama a hankali, sannan da asuba a ƙara. Kafin ka ƙyasta ashana ka duba gilashin awon ruwa ka tabbatar akwai ruwa a tukunya, ka tabbatar an ɗaure birki. Kada ka dogara da cewa wani ya duba. Matsin tururi a wasu jiragen ya haura fam 200 a kan kowane murabba'in inci, ninki shida na iskar tayar mota, ruwan ciki kuma zafinsa ya kusa digiri 200 a ma'aunin Celsius. Haka nan labta kwal ba ƙwarewa ba ce. Baƙin hayaƙi yana burge masu ɗaukar hoto, amma alama ce ta kwal da bai ƙone ba. Kaɗan-kaɗan ake zubawa, a kai a kai. Tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales a 2023, samun kwal mai kyau ya ƙara wuya, kowane shebur da lissafinsa.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne raina jirgin don yana tafiya a hankali. Gaskiya ne yawancin layukan ba sa wuce mil 25 a awa, amma kan jirgi mai nauyin tan 100 ba ya tsayawa nan take, kuma idan an rufe masa tururi yana iya gangarowa kusan ba sauti. Ranar biki jirage suna motsi a lokutan da ba ka saba ba, ta layukan da ka saba gani babu kowa. Kada ka ratsa tsakanin taragu biyu, kada ka taka saman ƙarfen dogo domin mai da raɓa suna sa shi santsi. Ka sa rigarka mai ruwan lemo da takalmi mai ƙarfe a baki. Idan direba ya busa usur, ka koma wuri amintacce ka ɗaga hannu ɗaya sama don ya san ka ji. Ɗaga hannu biyu sama kuwa ma'anarsa ya tsaya akwai haɗari, don haka ba a yin sa don gaisuwa.

Barin wurin aiki don ɗaukar hoto ma yana da yawa, musamman idan baƙon jirgi mai suna irin Flying Scotsman ya shigo. An ajiye ka a mararraba ko bakin dandamali ne daidai don wannan lokacin da jama'a ke turereniya. Ka roƙi a ba ka hutun awa guda a jadawali, ka yi kallonka da hujja.

Akwai kuma ɗaukar alkawari fiye da ƙarfi. Sabon shiga yakan rubuta sunansa kwana uku a jere, daga asuba har dare, rana ta biyu ya kasa tashi. Jirgin da bai samu ma'aikaci ɗaya ba yana iya jinkirta duk jadawali, domin yawancin layukan hanya ɗaya ce, sai jirgi ya jira ɗan uwansa a tasha kafin a miƙa wa direbansa alamar izinin shiga sashen layin da ke gaba. Ka faɗa wa mai tsara jadawali gaskiyar abin da za ka iya, har da lokutan sallarka ko azumi idan ya kama, tun da wuri, domin ya tanadi wanda zai riƙe maka.

Bayan jirgin ƙarshe ya shigo baƙi sun watse, aiki bai ƙare ba. Akwai kwashe wuta, fitar da toka daga akwatin hayaƙi, cika tukunya da ruwa, tattara shara da kujeru. A nan hannaye suka fi ƙaranci, don haka tun kana rubuta suna ka zaɓi aikin yamma ko na washegarin biki.