Yadda za ku gyara kofar masallaci mai keken guragu ya shiga da kansa

Wallahi abin nan yana damuna, ranar Juma'a ka ga bawan Allah ya turo kekensa tun daga gida, ya sha yashi ya tsallake kwata, yana zuwa bakin masallaci matakala biyu kacal su tare shi, sai dai ya jira samari su ciccibe shi ko kuma ya yi sallarsa a waje cikin rana kusa da takalma. Kuma fa gyaran ba wani kudi mai yawa zai ci ba.

Kafin ku kira birkila ku fara zama da shi mai keken tukunna. Ku ce Malam ta wace kofa ka fi son shiga, ina ne ka fi shan wahala? Shi ya san inda taya ke makalewa, ba kwamiti ba.

Sai awon gangaren siminti da keken zai bi ya hau maimakon matakala, kuma nan ne ake yawan kwafsawa. Ka'idar ita ce duk inci 1 na tsayin dakali a ba shi kafa 1 na tsawon gangare, wato dakali mai inci 6 yana son gangare kafa 6, mai inci 12 kafa 12. Birkila zai ce maka ai ya yi tsawo zai cinye fili, kar ka yarda, don gajeren gangare mai tsini sai an tura mutum zai hau, wajen saukowa kuma yana iya kifewa. Fadi kar ya gaza kafa 3, in kekensa mai taya uku ne da ake murzawa da hannu to ku kara. A sama ku bar shimfidadden wuri kamar kafa 5 inda zai tsaya ya juya. Kar a sa tayil don Allah, ruwan alwala na zuba ya zama santsi, a ja tsintsiya kan siminti tun yana danye ya yi kaushi, a dan tada baki a gefe da gefe, a sa karfen rikewa, tsofaffi ma za su sa muku albarka.

In an gama, ladan ya rika tunatarwa kar a tara takalma ko a faka babur a kai. A wurin alwala a yi famfo daya kasa-kasa da wurin zama. A ciki kuma a bar masa gurbi a gefen sahu tare da jama'a, a ajiye tsumma na goge taya in ana tsoron kafet.

Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi irin wannan gyara, wa'adin ma ya cika tun Janairun 2024.

Kar ku biya birkila cikon kudinsa sai mai keken ya hau ya sauka da kansa ba wanda ya taba masa keke, in ya ce da saura to a fasa a sake.