Yadda ake tono asalin tsohuwar waƙar kantiri

A wajenmu mawaƙi shi ke tsara waƙarsa, shi ke rera ta. Ba wanda zai tambayi wa ya rubuta wa Shata baiti. Shi ya sa in muka ji Ba'amurke na kukan matar da ta bar shi, sai mu ɗauka labarin kansa yake bayarwa. A Nashville, cibiyar kiɗan kantiri (salon waƙoƙin karkarar Amurka) a jihar Tennessee, sau da yawa ba haka abin yake ba. Bari in nuna maka hanyar da nake bi, da waƙar George Jones ta 1980, "He Stopped Loving Her Today".

Fara da takardar da ke manne a tsakiyar faifan. Ba sai ka mallake shi ba, shafin intanet na Discogs na da hotunan irin waɗannan faya-fayan masu juyi 45 a minti. Ƙananan sunayen da ke ƙarƙashin sunan waƙar su ne marubuta. A nan Bobby Braddock da Curly Putman ne, kamfanin Epic, furodusa kuma Billy Sherrill.

Kada ka yi saurin wuce marubutan, bi sawunsu. Su biyun nan ne suka rubuta wa Tammy Wynette "D-I-V-O-R-C-E" ta 1968. Ita Tammy ta auri Jones a 1969, auren ya mutu a 1975, don haka masu sauraro suka yanke cewa ita yake wa kuka a waƙarsa ta 1980. A muryarsa wataƙila haka ne, amma kalmomin ba nasa ba ne, ba shi ya fara ɗaukar waƙar ba ma, Johnny Russell ya riga shi. Saboda haka kullum ka binciki wanda ya fara rera waƙa kafin wanda ta yi suna a bakinsa.

Sai furodusa, wanda ni a ganina a wajensa rabin labarin yake. Waƙar labarin wani mutum ne da ya rantse zai so wata mace har ya mutu. Ta tafi, ya bar hotonta a bango, ya adana tsofaffin wasiƙu, bai daina sonta ba sai ranar da aka ɗauki gawarsa. Sherrill ne ya sa marubutan suka yi ta gyara, har aka ƙara wurin da matar ta zo jana'iza. Shi kuwa Jones ko kaɗan bai so waƙar ba, gani yake baƙin cikinta ya yi yawa, ba mai saye. Lokacin giya da hodar iblis sun ci ƙarfinsa, a sayar da tikiti ya ƙi zuwa wasa, har abin ya zame masa laƙabi. A situdiyo sai ya riƙa ɗora baitocin a kan karin wata waƙar Kris Kristofferson, Sherrill na dawo da shi hanya. Wurin da ake magana a waƙar, ba rerawa ba, shi ya fi ba su wahala: in yana waƙa harshensa ras, da ya koma magana sai ya harɗe. An daɗe kafin a samu wannan ɗan guntun a haɗa da sauran.

Irin waɗannan labarai daga bakin Jones da Sherrill suka fito bayan shekaru, kuma labarin da aka yi ta maimaitawa ba ya rasa gishiri. Ka ware su gefe guda, ka ajiye abin da ke rubuce a ɗaya gefen: waƙar ta fito a Afrilun 1980, ta hau lamba 1 a jadawalin kantiri na mujallar Billboard a Yuli, ta ci wa Jones kyautar Grammy, ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta CMA kuma ta zaɓe ta waƙar shekara a 1980 da 1981. Da Jones ya rasu a 2013, ita Alan Jackson ya rera a taron jana'izarsa a Grand Ole Opry, shahararren zauren kiɗan kantiri na Nashville.

Sauraro shi ne na ƙarshe, kuma da abin kunne, ba lasifikar waya ba. Kasa kunne ka ji yadda kiɗan ke farawa a sanyaye, gogen turawa bai cika wurin ba sai an iso amshi, wannan salon Sherrill ne. Siririyar muryar macen da ke tashi a bayan maganar ta Millie Kirkham ce. Ka tabbata ainihin ɗaukar situdiyo ta 1980 ka samu, domin a YouTube bidiyon wasannin da ya yi daga baya sun yi yawa, kuma ba su ne faifan ba.