Yadda ake zaɓar antibodi da gwada shi kafin auna otofaji a ƙwayoyin kansa

Otofaji hanya ce da sel ke tattara tarkacen cikinsa ya kai wa laisosom (ɗan buhun narkar da abubuwa a cikin sel) ya narkar, kuma binciken da ya yi a kanta ne ya sa Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar Nobel a 2016. A ciwon kansa lamarin baki biyu ne. A 1999 ayarin Beth Levine ya nuna cewa Beclin 1, furotin na otofaji, yana danne ƙari, amma kansar fankiriyas mai gurɓataccen ƙwayar gado ta KRAS da otofaji take samun abincinta. Shi ya sa awon ke buƙatar natsuwa.

Da farko ka san furotin ɗin da kake nema, domin antibodi abu ne da ke kama takamaiman furotin don a iya ganinsa. Galibi ana farawa da LC3B da p62, a ƙara Beclin 1 idan bincike ya kai can. Duba takardar kamfani: an gwada antibodin a sel ɗin mutum ko na ɓera? Na westan bulot ne (gwajin da ke rarrabe furotin a jel su fito layi-layi) ko na rina nama? Wanda ya yi kyau a ɗaya yakan ba da kunya a ɗayan.

Sai gwajin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Nemo sel da aka cire wa ƙwayar gado ta ATG5 ko ATG7. Irin wannan sel ba ya iya mayar da LC3-I, asalin siffar furotin ɗin, zuwa LC3-II, siffar da ake aunawa, don haka idan layin LC3-II ya fito a wurinsa, antibodin wani abu dabam yake kamawa. Ajiye shi, komai tsadarsa.

Wajen bulot, yi amfani da jel mai kauri, kashi 15 cikin ɗari, da takardar PVDF, domin LC3 ƙaramin furotin ne. LC3-I yana tsayawa wajen kilodaltan 16, LC3-II kuma wajen 14. Kada wannan ya ruɗe ka: LC3-II ya fi nauyi, kitsen da aka liƙa masa ne ke sa shi saurin gudu. Samfurin ya zama sabo, don yawan daskarewa da narkewa na lalata LC3-I. Ka kwatanta yawan LC3-II da na aktin (furotin ɗin da ake ɗauka a matsayin ma'auni), kada ka kwatanta shi da na LC3-I.

Yawan LC3-II shi kaɗai ba hujja ba ne. Wataƙila otofaji ce ta ƙaru, wataƙila kuma laisosom ne ya toshe kaya suka taru. Raba sel ɗinka gida biyu, ka sa wa rabi bafilomaisin A1 ko kulorokwin (e, wancan tsohon maganin zazzaɓin) na 'yan sa'o'i, don su tsayar da aikin laisosom. Idan LC3-II ya ƙara hauhawa a wannan rabin, hanya a buɗe take. Dubi p62 ma: raguwarsa alama ce ta narkewa, ko da yake damuwar sel kan sa a ƙera sabo ya rufe alamar.

Rubuta lambar kaya da lambar rukunin kwalbar, musamman idan folikulonal ne (cakuɗen antibodi daga jinin dabba), domin sabon rukuni sai an sake gwada shi daga farko.