Ƙaramar Jif Mai Dizal: Kurakuran Da Masu Saye Suka Fi Yi

Yawancin ƙananan jif masu shan dizal da ake gani a Kano, Maraɗi ko Yamai, irin su RAV4 D-4D, Qashqai dCi, Sportage da ix35 CRDi, Tiguan TDI da Duster, daga Turai suka fito. An riga an more su a can kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, Lome ko Legas. An ƙera su ne domin tataccen man Turai da dogayen titunanta, kuma mafi yawan asarar da masu saye ke tafkawa a nan daga mantawa da wannan take farawa.

Lissafin mai

Dillali zai dafa bonet ya ce maka, "Alhaji, wannan ai ba ta shan mai, sansanawa kawai take yi." Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin injin dizal ya fi na fetur tsimi. Kuskuren shi ne biyan kuɗi ba tare da an ɗauki biro an buga lissafi ba. A ce, alal misali, ta dizal tana shan lita 7 a kilomita 100, ta fetur kuma lita 9. Wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita 10,000 a shekara, lita 200 kacal ya rage. Wanda ke yin 40,000 ya rage lita 800. Sannan a Najeriya an daɗe da sakin farashin dizal a hannun kasuwa, alhali fetur ya ci gaba da cin tallafi har zuwa 29 ga Mayu, 2023, kuma ko bayan cire tallafin sau da yawa litar dizal ta fi tsada. Ka ninka litocin da farashin gidan man unguwarku, ka ajiye sakamakon kusa da kuɗin nozul ɗaya, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. Mai zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja ko Yamai da Damagaram zai ga riba. Mai kai yara makaranta ya wuce ofis ba zai gani ba.

Matatar hayaƙi da yawon cikin gari

Nan ne aka fi kuka. Tun daga 2011, ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 ta sa kusan kowace sabuwar motar dizal a Turai tana fitowa da DPF, wata matata ce a jikin salansa da ke tare kunkunniyar hayaƙi. Idan ta fara cika, kwamfutar motar tana ƙara fesa mai don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Wannan ƙonawa tana son injin da ya yi zafi sosai da tafiya mai ɗorewa ta kamar minti ashirin ko fiye, ba tsaye-tsaye. Motar da kullum daga Hotoro zuwa Kantin Kwari take, cikin cunkoso, ba ta samun wannan dama. Ta fara ƙonawa, a kashe ta a ƙofar shago. Gobe ta sake farawa, a sake kashewa. Daga nan fitila ta kama a gaban direba, mota ta daina jan totur, ta koma tafiya a hankali kamar mai jinya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne inda wancan ƙarin man yake zuwa. A injuna da dama, duk ƙonawar da aka katse tana barin dizal ya sulale ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai. Sai ka zaro sandar awo ka ga baƙin mai ya haura alamar cika, ka ɗauka albarka ce. Sansana shi. In ka ji warin dizal, a yi juye a ranar, domin baƙin man da ya tsinke ba ya kare metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, kuma injin 1.5 dCi na Renault da ke cikin Qashqai da Duster an san shi da cin metal idan aka yi sakaci da juye.

Maganin ba shi da wuya ga wanda ya sani tun farko. A riƙa ba motar hanya lokaci-lokaci, ko da Kano zuwa Zariya ne. In fitilar DPF ta kama, a hau babban titi a yi tafiya ba tsayawa har ta mutu. In ta ƙi mutuwa, a kai wa mai kwamfuta ya tilasta ƙonawar ko a kwance matatar a wanke. Na san da yawa daga cikin bakanikenmu fasa ta suke yi su zubar da cikinta, su ce, "Maigida, an huta." Ba a huta ba. Idan ba a taɓa manhajar kwamfutar ba, motar za ta ci gaba da fesa mai don ƙona matatar da babu ita, kuma ko an taɓa, hayaƙin nan baƙi ƙirin huhun ɗan acaɓan da ke bayanka yake shiga. A ganina wanda ya san ba ya fita gari ya haƙura da dizal baki ɗaya ya sayi ta fetur.

Waɗanda aka ƙera daga 2015, a ƙarƙashin Euro 6, da yawansu suna da ƙarin ƙaramin tanki na AdBlue, wani tataccen ruwan yuriya da ke rage gubar hayaƙi. In ya kusa ƙarewa mota za ta fara ƙirga maka kilomitocin da suka rage, in ya ƙare kuma ba za ta tashi ba. Kada a zuba ruwan famfo, kada kuma a jiƙa takin yuriya a ce ai duk ɗaya ne. Ka tabbatar ana sayar da na gaske a garinku kafin ka sayi irin wannan mota.

Man da ake zuba mata

Dattawan direbobi sun saba da injin J5 da tsohuwar Hilux, waɗanda duk abin da ka ɗura musu sai su haɗiye su yi gaba. Wannan sabo ne yake kashe sababbin injuna. Famfon waɗannan motoci yana tura mai da matsi mai tsanani, wanda ya kai 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin "bar", ta ramukan nozul da ido da ƙyar yake gani, kuma dizal ɗin da kansa ne yake shafe ƙarafan famfon. Kananzir ba shi da wannan santsi, fetur ma haka. Ruwa kuwa tsatsa yake kawowa. Galan ɗaya na 'yan bumburutu da aka yi wa algus ya isa ya sa famfo ya fara cin kansa, ɓurɓushin ƙarfe ya bi bututu ya shiga nozul huɗu da tanki. A lokacin ba gyaran abu ɗaya ake magana ba, sai an sauya kusan duk layin.

Ga kuma salfa. Dizal ɗin Turai tun 2009 bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Najeriya ta yi shekaru tana karɓar mai ɗauke da har 3,000. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50, kuma matatar Ɗangote ta fara fitar da dizal a 2024, amma abin da ke cikin tankin kowane gidan mai ba ɗaya ba ne. Salfa mai yawa yana saurin toshe DPF, yana cika bawul ɗin EGR, mai mayar da wani hayaƙi cikin inji, da datti, yana kuma lalata baƙin mai da wuri. Saboda haka ka riƙe gidan mai guda wanda manyan motoci ke yawan sha a wurinsa, man da ke juyawa kullum ba ya kwana da ruwa. A sauya filtar mai kafin lokacin da littafin Turai ya ce, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasanta, musamman da damina. In kuma yaron gidan mai ya yi kuskure ya zuba fetur, ko makulli kada a murɗa. A tura ta gefe a zuƙe tankin.

Baƙin mai ma ba kowanne ba. Motar da ke da DPF tana son mai ƙarancin toka, wanda za ka ga an rubuta ACEA C2, C3 ko C4 a jikin galan, gwargwadon abin da kamfanin ya ce. Wanda ake zuba wa tirela zai toshe matatar da tokar da ba ta ƙonewa. Tazarar juye mai tsawo da ke cikin littafi kuma ba ta san ƙurar hunturu ba, a rage ta.

Karanta bayanan mota

Masu saye sun fi kallon ƙarfin doki, alhali abin da ake sayen dizal dominsa shi ne ƙarfin ja. RAV4 2.2 D-4D ta shekarun 2006 tana da doki 136, ƙasa da 'yar uwarta 2.0 ta fetur, amma jan da take yi ya kai 310 a ma'aunin ƙarfin ja (Nm), ta fetur kuwa ba ta kai 200 ba. Shi ya sa ta dizal ke hawa tudu da mutum biyar da buhuna ba tare da ana ta sauke giya ba. Neman mai doki mafi yawa ma wani tarkon ne. RAV4 D-CAT mai doki 177 ta fi gudu, amma tsarin hayaƙinta ya fi rikitarwa, kuma injunan 2.2 na Toyota na shekarun farko sun yi suna wajen shan baƙin mai da ƙona gaskit. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ba kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Qashqai 1.5 dCi gaba kawai take ja, haka Sportage da ix35 masu 1.7 CRDi. In kana son huɗu sai ka nemi 2.0 CRDi, Tiguan 4Motion ko Duster 4x4, kuma ka sunkuya ka ga ƙarfen da ke kai juyi baya da idonka, kada ka dogara da rubutun but. Ko masu huɗun ba su da ƙaramar giyar daji irin ta Land Cruiser. Duster giyarta ta ɗaya ce kawai aka yi gajera sosai don ta ɗan maye gurbinta. Za su fitar da kai daga taɓon hanyar gona, amma yashin arewacin Agadas ba wurin wasansu ba ne.

A tambayi kuma ko injin bel ne ko sarƙa. 1.5 dCi da 2.0 TDI bel ne, a sauya shi tare da famfon ruwa da zarar mota ta zo hannu, ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne. RAV4 2.2, CR-V 2.2 da 1.7 da 2.0 CRDi na Sportage da ix35 daga 2010 sarƙa ce.

Ranar dubawa

Kada ka yarda a ɗumama maka mota kafin ka iso. Ka je da sassafe, ka ɗora tafin hannu a kan injin ka ji sanyinsa. Murɗa makulli rabi, ka ƙirga fitilun gaba: ta inji, ta hita (mai ɗumama injin dizal kafin ya tashi), ta baƙin mai, duk su kama, su kuma mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an rufe ta ne da baƙin salatif daga ciki. Lafiyayyen inji yana tashi nan take. In ya yi ta gurnani sannan ya tashi da farin hayaƙi mai yaji a ido, hita ko nozul ne. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, sau da yawa daga tobo.

Kafin ma a tayar da ita, zagaya baya ka zura yatsa cikin bakin salansa. Motar da DPF ɗinta ke aiki, yatsan zai fito kusan fes. In ya fito baƙi kamar ka shafi gindin tukunya, an fasa matatar ko ta tsage, ko me dillali zai ce. Buɗe robar ruwan lagireto ka duba ko akwai maiƙo, ko kumfa na tasowa yayin da inji ke aiki. In mai kulochi ce, saurari ƙarar kaf-kaf daga wajen giya lokacin da take tsaye da lokacin kashewa. Wannan fulayiwil ne mai hawa biyu, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Lambar kilomita kuwa kada ta ruɗe ka. Bature ya fi sayen dizal don doguwar tafiya, saboda haka motar shekara goma da ke nuna kilomita 80,000 abin tuhuma ce. Dubi sulɓin sitiyari da robar birki, sannan a jona kwamfuta a karanta yanayin nozul da cikar DPF. Ingila ma cike take da waɗannan motoci, amma sitiyarinsu a dama yake, ana juya shi ne kafin ko bayan shigowa. In ka ga waifa suna sharewa ta ɓangaren fasinja fiye da na direba, ko an yi walda a bangon da ke bayan inji, ka bar ta. A Najeriya kuma ka tantance takardun kwastan, domin a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, kuma 'yar Kwatano mai takardun bogi kwace ta ake yi a hanya.

Bakanike da kayan gyara

Wannan ya fi shafar 'yan Najeriya. Kasuwarmu cike take da RAV4 da CR-V 'yan Amurka, kuma a Amurka ba a sayar da na dizal ɗinsu ba. Don haka gilashi, fitila da ƙafafu za ka iya samu, amma nozul, tobo da famfo wani labari ne, sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas ko Kwatano a jira. A Nijar, inda motocin Turai suka fi yawa, abin ya ɗan fi sauƙi. Gwanin injin fetur kuma ba lallai ya iya wannan ba, haka mai gyaran famfon tsofaffin tireloli. Wasu nozul ɗin ma bayan an ɗaura su sai an shigar da lambarsu cikin kwamfutar mota kafin inji ya daidaita.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, rubuta lambar injin a takarda ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tambayi kuɗin nozul huɗu, tobo, famfon mai da fulayiwil, ka tambayi ko suna ƙasa ko sai an yi oda, da kwana nawa odar ke ɗauka. Sannan ka nemi bakaniken da zai nuna maka irin wannan injin da ya taɓa kwancewa ya ɗaura, ka tafi da shi wurin dubawa, ka biya shi kuɗin yininsa daga aljihunka don kada dillali ya riga ka.